Zamanin Farfaɗowa a Turai: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya karanta tarihin Turai, ko ya taɓa mamakin abin da ya sa duniya ke rububin hoton Mona Lisa, zai ci karo da wannan zamani. Tambayoyin da ɗalibai da masu sha'awar zane ke yi a kansa kusan iri ɗaya ne, shi ya sa aka tara su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Kowace amsa ta ishi kanta, amma inda magana ta ratsa cikin wata an nuna wurin.

Mene ne Zamanin Farfaɗowa, kuma yaushe aka yi shi?

Shi ne zamanin da Turawa ke kira Renesans. Ya tsiro a biranen Italiya cikin ƙarni na 14, ya kai ganiyarsa tsakanin 1490 da 1520, daga nan ya bazu zuwa Jamus da Faransa da Holand da Sifaniya da Ingila har farkon ƙarni na 17. A cikinsa ne malamai da masu sana'ar hannu suka waiwayi littattafai da gine-ginen tsoffin Girkawa da Rumawa suna koyo daga gare su, suka kuma shiga kallon jikin mutum da tsirrai da haske da idon mai bincike, suna aunawa, suna gwadawa.

Ba a yi shela an ce yau ya fara ba. Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Italiya a 1550, shi ya yaɗa ra'ayin cewa fasaha ta mutu bayan faɗuwar daular Rum, sannan ta farfaɗo a hannun mutanen yankinsa. Masana tarihi na ƙarni na 19 suka mayar da ra'ayin nasa sunan zamani sukutum. Don a kama lokacin da kyau: sa'ad da Lorenzo na gidan Medici ke juya birnin Fulorans, daga 1469 zuwa 1492, Muhammadu Rumfa ne a kan gadon sarautar Kano.

Me ya sa Italiya, kuma me ya sa Fulorans?

Ruwa ba ya tsami banza. Italiya ta wancan lokaci birane ce masu cin gashin kansu, Fulorans da Benis da Milan da Jenowa da Roma, kowanne na kishin ɗan'uwansa. In wani ya gina doguwar majami'a, maƙwabcinsa ba zai yi barci ba sai ya gina wadda ta fi ta. Ga kuɗin fatauci, domin jiragen Benis da Jenowa ne ke ɗauko kayan yaji da alharini daga Iskandariyya da Sham su sayar wa sauran Turai. Ga kuma kufan gine-ginen Rumawa a ƙofar gida, mai son koyo sai ya ɗauki igiyar awo ya je ya gwada.

Fulorans kuwa arzikinta saƙar ulu ne da banki. Tun 1252 take buga kuɗinta na zinariya, fulorin, wanda kasuwanni na nesa suka yarda da shi. Abin da ya fi jan hankalina game da mutanenta shi ne yadda suke ba da aiki ta hanyar gasa. A 1401 ƙungiyar fataken yadi ta sa gasar ƙera ƙofar tagulla ta ɗakin baftisma na birnin, inda ake yi wa mutum wankan shiga addinin Kirista, aka ce kowa ya ƙera hoton Annabi Ibrahim a lokacin da zai yanka ɗansa. Lorenzo Ghiberti, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya samu aikin. Ya shafe shekara 21 a kan ƙofar farko, 27 a kan ta biyu. Abokin takararsa, Filippo Brunelleschi, ya karkata zuwa gini, kuma za a ga abin da ya yi a amsar da ta shafi ƙubba.

Wa ke biyan kuɗin waɗannan ayyuka?

Mai zanen wancan zamani kwangila ake ba shi, a rubuce. Masu ba da ita su ne coci, ƙungiyoyin masu sana'a, hukumar birni, sarakuna da attajirai. Wata yarjejeniya ta 1485 tsakanin Domenico Ghirlandaio da gidan marayu na Fulorans ta ce shi da hannunsa zai yi zanen, cikin wata 30, a kan fulorin 115, kuma shuɗin fentin da zai sa sai wanda ya kai kimanin fulorin huɗu kowace oza. Haka manyan hotunan da muke yabo yau suka fara, da ciniki da sharaɗi da wa'adi.

Gidan da ya fi suna shi ne na Medici. Giovanni di Bicci ya kafa bankinsu a 1397, ɗansa Cosimo ya kama ragamar birnin a 1434 ba tare da wata sarauta ba, jikan Cosimo kuma shi ne Lorenzo. Daga gidan aka samu Fafaroma Leo na 10 da Clement na 7. Akwai dalilin yawan kyautarsu ga coci da ba a cika faɗa ba. Addinin Kirista na lokacin ya haramta cin kuɗin ruwa, 'yan banki kuwa suna zagaye haramcin ta hanyar canjin kuɗi tsakanin garuruwa, hankalinsu ba a kwance ba. Cosimo ya zuba dukiya wajen sake gina gidan ibada na San Marco, inda Fra Angelico ya bi ɗakunan masu ibada ɗaya bayan ɗaya yana zane. Neman gafara da neman suna tare suke tafiya, kuma masu kuɗin ba su ɓoye ko ɗaya ba. Sau da yawa za ka ga hoton mai biyan kuɗin a durƙushe a gefen zanen.

Su wane ne malaman mutuntaka da ake ta ambata?

Malamai ne da suka fifita fannoni biyar: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da ilimin ɗa'a, duk daga littattafan Latin da Girkanci. A ganinsu wannan karatu ne ke gyara mutum ya iya magana, ya iya shugabanci, ya amfani garinsu. Francesco Petrarca ake ɗauka ubansu. A 1345 ya tono wasiƙun Cicero, gwanin balaga na tsohuwar Rum, a ɗakin karatun wata majami'a a Verona. A 1397 Fulorans ta ɗauko Manuel Chrysoloras daga Kustantiniyya ya koyar da Girkanci, shekara 56 kafin Sultan Muhammad na 2 ya ci birnin a 1453. Don haka maganar da ake yawan yi cewa faɗuwar Kustantiniyya ce ta haifi zamanin ba daidai ba ce. Ta dai ƙara masa ƙarfi, saboda malamai da dama sun gudo Italiya da littattafansu.

Yawancinsu Kiristoci ne masu ibada, wasu ma sakatarorin Fafaroma, amma sun zo da ɗabi'ar bincikar rubutu har a gano asalinsa. A 1440 Lorenzo Valla ya ɗauki wata takarda da coci ke kafa hujja da ita cewa Sarki Kustantin ya ba Fafaroma mulkin yammacin daular Rum, ya nuna akwai kalmomi a cikinta da ba a san su ba a zamanin sarkin, watau daga baya aka ƙirƙire ta.

Yaya mutum ke zama mai zane a lokacin?

Ta hanyar zama a shagon maigida, kamar dai yadda ake kai yaro wurin maƙeri ko marini ya girma cikin sana'ar. Ana kai shi yana ɗan shekara 12 ko 13. Zai fara da shara da niƙa launi da gyara allo, sai ya koyi kwafar zanen maigida, sai a bar masa tufafi da bishiyoyin bayan hoto, kafin a yarda ya taɓa fuska. Michelangelo ya shiga shagon Ghirlandaio a 1488 yana da shekara 13. Leonardo da Vinci ya daɗe a shagon Andrea del Verrocchio, kuma akwai wani zanen maigidan a gidan tarihi na Uffizi wanda mala'ikan gefen hagu aikin yaron ne.

Shago guda yana karɓar kowane irin aiki: hoton majami'a, akwatin amarya, tutar biki, kabari. A Fulorans masu zane suna ƙarƙashin ƙungiyar likitoci da masu sayar da magunguna, saboda a shagon magani ake sayen launi. Baiwa tana nan, ba a musu, amma a ƙarƙashinta akwai shekaru na niƙa dutse da wanke buroshi, kuma wannan ne ɓangaren da masu ba da labarin gwanaye suka fi mantawa. Sai a ƙarni na 16 martabar mai zane ta tashi har sarakuna suka koma lallashinsa.

Da me suke yin zanen?

Hanyoyi uku ne manya. A bango, ana shafa ɗanyen filasta a yi zanen kafin ya bushe, launi ya shige ya zama jikin bangon. Mai zane zai shafa iya abin da zai gama a yini ɗaya, in kuwa ya yi kuskure sai dai a kankare a sake. A allo, ana kwaɓa garin launi da gwaiduwar ƙwai, yana bushewa nan da nan. Ta uku ita ce fentin mai, wanda masu zanen yankin Filandas, a Beljiyam ta yau, suka gwanance a kai, musamman Jan van Eyck wajen 1430. Mai ba ya saurin bushewa, ana iya ɗora shi shafe kan shafe har a fito da ƙyallin ido da laushin gashin dabba. Mutanen Benis suka mayar da shi kan yadi mai kauri, domin danshin birninsu yana cinye zanen bango.

Launi mafi tsada shi ne shuɗin da ake niƙawa daga wani dutse da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan. Shi ya sa ake keɓe shi don mayafin Nana Maryamu, kuma shi ya sa ya shiga yarjejeniyar da aka ambata a amsar masu biyan kuɗi.

Mece ce dabarar nuna nisa a zane, kuma me ya haɗa ta da ƙubbar Fulorans?

Mutum ɗaya ya haɗa su, Brunelleschi. Dabarar ita ce duk layukan da ke tafiya cikin hoto su nufi ɗigo guda daidai da idon mai kallo, abubuwa kuma su riƙa ƙanƙancewa bisa lissafi gwargwadon nisansu. Kowa ya san hanya tana tsukewa a ido in ta yi nisa. Sabon abu shi ne mayar da hakan ƙa'idar da za a auna. Brunelleschi ya gwada ta da allo da madubi a gaban ɗakin baftisma, Masaccio ya yi aiki da ita a bangon majami'ar Santa Maria Novella wajen 1427 har ya zama kamar an huda bangon an yi ɗaki, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinta a 1435.

Ƙubbar kuwa matsala ce da ta daɗe tana damun birnin. An gina babbar majami'a aka bar samanta a buɗe, faɗin kimanin mita 45, babu wanda ya san yadda za a rufe, domin katakon da zai tallafi gini irin wannan har ya kama kansa ba zai samu ba. Brunelleschi ya gina ta daga 1420 zuwa 1436 ba tare da wannan matallafi ba. Ya yi ta ɓawo biyu, na ciki da na waje, da matakala a tsakani. Ya jera tubalan a karkace yadda kowane zagaye zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Ya kuma ƙera injin ɗaga kaya da shanu ke juyawa, mai iya hawa da sauka ba sai an juya dabbobin ba. Tubali fiye da miliyan 4 suka shiga cikinta, kuma har yau babu ƙubbar tubali da ta kai ta girma. In aka ce in zaɓi aiki ɗaya da ya nuna halin zamanin, ita zan zaɓa kafin kowane hoto.

Gaskiya ne Turawa sun ɗauko ilimin daga Musulmi?

Sun ɗauko da yawa, kuma ya kamata a faɗi mene da mene. Sana'ar takarda ta shiga Turai ta hannun Musulmin Andalus, kafin garin Fabriano na Italiya ya shahara da ita a ƙarni na 13. Lambobin da muke rubutawa yau, Fibonacci ɗan birnin Pisa ya koye su a Bijaya ta Aljeriya, ya yaɗa su a littafinsa na 1202. Littafin likitanci na Ibn Sina ana karantar da shi a jami'o'in Turai har ƙarni na 17. Littafin Ibn al-Haisam kan gani da haske, wanda ya rubuta a Alƙahira a ƙarni na 11, an fassara shi zuwa Latin sannan zuwa Italiyanci, kuma Ghiberti ya kwaso daga cikinsa a nasa rubutun. Raphael ya sa Ibn Rushd da rawaninsa cikin taron masana falsafa da ya zana a fadar Fafaroma tsakanin 1509 da 1511.

Hulɗar ta wuce littattafai. Dardumar Turkiyya ta cika zane-zanen zamanin, a wasu ma za ka ga rubutu mai kama da Larabci a bakin rigar Nana Maryamu, masu zanen sun kwaikwayi abin da suka gani a jikin yadin alfarma na gabas. A 1479 Benis ta aika Gentile Bellini Istanbul, watau Kustantiniyya ta dā, ya zana Sultan Muhammad na 2. Sultan Ƙaitabai na Masar kuma ya aiko wa Lorenzo raƙumin dawa a 1487.

Amma adalci ya hana a ce komai kwafe ne. Ibn al-Haisam ya bayyana yadda ido ke gani, mayar da wannan ya zama dabarar zane a bango kuwa aikin mutanen Fulorans ne. Littattafan Girkanci na waƙa da tarihi da yawancin na Aflatun ta Kustantiniyya suka zo, kamar yadda aka nuna a amsar malaman mutuntaka. Share gudummawar Musulmi ƙarya ce ga tarihi. Cewa su suka yi komai shi ma yana rufe abin da ya fi cancantar nazari, watau yadda aka karɓi ilimin wasu aka ɗora a kai.

Akwai abin da ya haɗa zamanin da Afirka ta Yamma ko ƙasar Hausa?

Akwai. Kaso mai yawa na zinariyar da ke yawo a Bahar Rum a waɗannan ƙarnoni daga Afirka ta Yamma take, raƙuma suna ƙetare Sahara da ita zuwa biranen arewa, fataken Italiya suna saye a can. Taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375 ta nuna Mansa Musa na Mali riƙe da curin zinariya. A 1447 wani ɗan kasuwar Jenowa, Antonio Malfante, ya kai har Tuwat a tsakiyar Sahara yana neman sanin inda take fitowa, Tuwat ɗin da Shehu Maghili ya zauna kafin ya zo Kano.

Sai kuma al-Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku sun kama shi a 1518, aka kai shi wa Fafaroma Leo na 10, ɗan Lorenzo. A Roma aka yi masa baftisma, ya koyar da Larabci, ya rubuta bayanin Afirka da Italiyanci ya gama a 1526, aka buga a Benis a 1550. Turawa suna kiransa Leo Africanus. A ciki ya kawo bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas, kuma Turai ta daɗe tana dogara da shi wajen sanin waɗannan ƙasashe. Masana suna jayayya kan ko duk ya gan su da idonsa ko daga bakin fatake ya ji, don haka a karanta shi da lura.

Leonardo, Michelangelo da Raphael: me ya bambanta su?

Leonardo da Vinci (1452–1519) bincike ya fi ɗauke masa hankali a kan kammala kwangila, shi ya sa zane-zanensa da suka rage ba su kai 20 ba. Ya feɗe gawarwaki don ya ga yadda tsoka ke jan ƙashi, ya nazarci gudun ruwa da tashin tsuntsu, ya bar dubban shafuka da ya rubuta daga dama zuwa hagu. Gwaje-gwajensa sukan ci shi. A zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a Milan, daga 1495 zuwa 1498, ya ƙi bin hanyar ɗanyen filasta don yana so ya yi aiki a hankali, zanen ya fara ɓarewa tun yana raye.

Michelangelo (1475–1564) masassaƙi ya ɗauki kansa. Yana da shekara 26 aka ba shi wani dogon dutsen marmara da wasu suka fara suka watsar, a 1504 ya fito da mutum-mutumin Dawuda mai tsawon fiye da mita 5. Fafaroma Julius na 2 ya matsa masa ya zana rufin majami'ar Sistina, ya yi daga 1508 zuwa 1512 a tsaye kan dandamalin katako, kai a ɗage, fenti na ɗiga masa a fuska, har ya zana mutane fiye da 300. Mutum ne mai zafin rai, kuma shi da Leonardo ba sa ga maciji. Raphael (1483–1520) shi ne ƙaraminsu, mai sanyin hali, ya koya daga su biyun ya haɗa da gwanintarsa ta tsara taron mutane, ya rasu yana da shekara 37. Kada sunayen nan uku su rufe maka Donatello da Botticelli da Titian na Benis.

Me ya sa Mona Lisa ta fi kowane zane suna?

Zanen ƙarami ne, santimita 77 da 53, a kan allon katako. Matar ita ce Lisa Gherardini, matar wani ɗan kasuwar alharini a Fulorans. Leonardo ya fara shi wajen 1503, bai miƙa shi ga mai shi ba, ya tafi da shi Faransa inda ya rasu. Gwanintar tana gefen baki da idanu. Babu layi mai kaifi, inuwa ce ke narkewa cikin haske ta siraran shafe-shafen mai, shi ya sa murmushin ke sauyawa in ka matsar da ido. Amma shaharar da ta game duniya sata ce ta kawo ta. A watan Agusta na 1911 wani Ba'italiye da ya taɓa aiki a gidan tarihi na Louvre ya fita da shi a ɓoye, jaridu suka yi ta buga hoton har aka gano shi a Fulorans a ƙarshen 1913.

Me ya kawo hotunan tsiraici a wuraren ibada? Ba a yi musu ba?

Tambaya ce mai tushe, kuma mutanen zamanin ma sun yi ta. Masu zanen sun gaji wannan daga sassaƙar Girkawa da Rumawa, suka kafa hujja da cewa jikin mutum shi ne mafi kyawun halitta, nazarinsa girmama Mahalicci ne.

Musu kam an yi, mai zafi. Wani mai wa'azi, Girolamo Savonarola, ya rinjayi Fulorans bayan an kori gidan Medici a 1494. A 1497 mabiyansa suka tara madubai da kayan kwalliya da littattafai da zane-zane a dandalin birni suka cinna musu wuta, shekara guda bayan haka aka rataye shi a wannan dandali. Da Michelangelo ya gama zanen ranar hisabi a 1541 manyan coci suka yi masa ca, kuma bayan babban taron coci na Trento ya tsaurara dokar hotuna a 1563, aka sa Daniele da Volterra ya zana ƙyallaye ya rufe al'aurar mutanen ciki. A 1566 wasu mabiya ɗariƙar Furotesta, da suka ɗauki hotunan coci a matsayin gumaka, suka farfasa su a biranen Holand da Filandas. Mai karatun da addininsa ya hana shi irin waɗannan hotuna yana da gine-gine da taswira da zanen tsirrai da na injina, duk na zamanin ne, kuma ba ƙananan ayyuka ba ne.

Wace rawa injin ɗab'i ya taka?

Shi ya fitar da abin daga hannun 'yan tsiraru. Johannes Gutenberg ya fara buga littattafai da haruffan ƙarfe a Mainz ta Jamus wajen 1450, kafin ƙarshen ƙarnin an kafa maɗaba'a a garuruwa fiye da 200. Benis ta zama cibiya. A can Aldus Manutius ya fito da ƙananan littattafai da za a riƙe a hannu ɗaya a 1501, a can kuma aka fara buga Alƙur'ani da haruffan Larabci wajen 1537, bugun da ya cika da kurakurai. Albrecht Dürer na Jamus ya gane cewa hoton da aka sassaƙa a katako aka buga ɗaruruwa ya fi allo ɗaya isa nesa. Karkandar da ya zana a 1515, wadda bai taɓa gani da idonsa ba, ita Turawa suka ɗauka siffar dabbar fiye da shekara 200. Da injin ne kuma ƙorafin da malamin coci Martin Luther ya yi a 1517 ya game Jamus, ƙorafi kan takardun gafara da ake sayarwa don gina majami'ar Bitrus a Roma.

Mata fa?

Ƙofarsu a tsuke take. Ba a cika kai yarinya shagon baƙo koyon sana'a ba, don haka yawancin waɗanda suka yi fice 'ya'yan masu zane ne ko masu zaman ibada. Lavinia Fontana ta Bologna ta koya wurin mahaifinta, ta haifi 'ya'ya 11, kuma da zanenta ake ciyar da gidan. Plautilla Nelli, mai zaman ibada a Fulorans, ta zana jibin ƙarshe mai faɗin kusan mita 7. Sofonisba Anguissola ta yi aiki a fadar Sarki Filib na 2 na Sifaniya daga 1559.

Zamanin alheri ne ga kowa?

A'a. Daga 1494 zuwa 1559 Italiya filin daga ce tsakanin Faransa da Sifaniya. Gidajen attajiran Fulorans da Benis suna da bayi, yawancinsu mata daga gaɓar Baƙin Teku. A 1444 aka sauke 'yan Afirka fiye da 200 aka raba su a garin Lagos na Fotugal. Fafaroma Nicholas na 5, wanda ya kafa ɗakin karatun Vatican ya kashe dukiya kan fassara, shi ne a 1452 ya ba Sarkin Fotugal izinin bautar da Musulmi da sauran waɗanda ba Kirista ba. A 1492 Garnaɗa ta faɗa hannun sarakunan Kirista, aka kori Yahudawa daga Sifaniya, 'yan shekaru bayan haka aka ƙone littattafan Larabci a dandalin birnin. Hannun da ya biya kuɗin zane sau da yawa shi ya rattaba irin waɗannan takardu, kuma bai kamata a ba da labarin ɗaya a bar ɗaya ba.

Yaushe ya ƙare?

A Roma ana iya nuna shekara: 1527, lokacin da sojojin Sarki Charles na 5 da ba a biya albashi ba suka wawashe birnin, masu zane suka watse. Wajen 1600 sabon salo mai duhu da haske mai ƙarfi ya karɓi fage a hannun Caravaggio. Ɗabi'ar bincike kuwa ta ci gaba. A 1543 Copernicus ya buga cewa duniya ce ke zagaya rana, Vesalius malamin jami'ar Padua ya buga zanen sassan jiki daga gawar da ya feɗe da hannunsa, daga nan hanya ta miƙe zuwa Galileo.

Ta ina zan fara in ina son in gan su, kuma me zan duba?

Wanda ya samu zuwa, ga Uffizi da Accademia a Fulorans, gidajen tarihi na Vatican, Louvre a Faris, da National Gallery a Landan inda shiga kyauta ne. Zanen jibin ƙarshe a Milan sai an sayi tikiti tun da wuri, kuma minti 15 ake ba kowane rukuni. Wanda bai samu ba, yawancin waɗannan gidaje sun sa hotunan a intanet, har ana iya zuƙo su a ga sawun buroshi.

In ka tsaya gaban zane, tambayi kanka wa ya biya, a wane bango aka yi niyyar sa shi, daga ina haske ke shigowa, a ina layuka suka haɗu. Gwaji mai kyau na farko shi ne hotuna biyu da ke ɗaki ɗaya a Uffizi, duka na Nana Maryamu a kan karaga da mala'iku kewaye da ita: na Cimabue, na wajen 1280 zuwa 1290, da na Giotto, na wajen 1310. A na farko mala'ikun a jere suke wani bisa wani, rigarta kuma layukan zinariya ne ke nuna lanƙwasarta. A na biyu karagar tana da ciki, gwiwoyinta sun turo rigar gaba, na gaba suna tare fuskokin na baya. Daga nan sai ka nemi na Masaccio da aka ambata a amsar dabarar nuna nisa, ka lalubi ɗigon da layukansa suka nufa. Yana ƙasa da gicciyen, daidai tsayin idon mutumin da ke tsaye a cikin majami'ar.